Jar Ƙofar Motar Baba Ishaya

Ku samarin da kuke cika mini bencin gareji kuna jiran a ɗinke muku keke napep, kada ku ɗauka ƙarar guduma ta kurmantar da ni. Ina jin ku sarai. Wai tsohon nan ya fi shekara talatin yana bugun bodi, amma ƙofa ɗaya ta gagare shi fenti. Duk Lahadin da na fito da farar fijon Baba Ishaya muka ratsa Yelwa, sai ku riƙa zungurar juna kuna nuna ƙofar direba, wadda take ja kamar an shafe ta da jar ƙasa. Ɗayanku har cewa ya yi in ba shi gwangwanin fenti da awa ɗaya ya rufa mini asiri. Na gode da wannan tausayi. Amma ku gyara zama, tunda a ganinku sana'ar tamu ba ta wuce ɗaga guduma da cika unguwa da hayaniya ba.

Aikin farko da maigidana Oga Tizhe ya damƙa mini, madigadin wata akori-kura ne da bijimi ya tunkuya a kasuwar shanu. Lokacin na yi shekara biyu a wurinsa ban taɓa guduma ba, sai goge tsatsa da samfefa har zanen yatsuna ya shafe. Da ya miƙo mini gudumar, na ɗauka ranar nuna bajinta ta zo. Na leƙa ta ciki, na auna tsakiyar lotsawar, na zuba mata duka na tsakani da Allah. Kafin azahar wurin ya kumbura ya fito waje kamar ƙurji, gefensa ya tattare. Oga Tizhe ya zo ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

"Garba," ya ce, "saniya ya buga sau ɗaya. Kai ka buga sau nawa?"

Na ajiye gudumar.

"To, saniya ya fi ka iya aiki."

Ranar ya koya mini abin da nake ci da shi har yau. Ba a fara wa lotsawa daga tsakiya. Daga baki-baki ake lallaɓo ta, inda ƙarfen ya lanƙwashe a ƙarshe nan ake fara saki, ana tafe ana zagayawa har tsakiyar ta taso da kanta. Sannan ya ce in rufe ido in shafa da tafin hannu. Na ce Oga, ai ina gani. Ya ce ido bai san aikin nan ba, haske kaɗan yana ruɗinsa, hannu ne ya sani. Wata shida na yi ina shafa ƙarfe ido a rufe, masu wucewa suna cewa yaron Tizhe ya fara taɓuwa.

Shekarar da aka raba Gongola aka yi Adamawa ya sallame ni, na buɗe nan. Abin da ya ba ni na tafi da shi guduma uku ne, kowace da bakinta, da fayil na goge ƙarfe, da wani dunƙulen ƙarfe da ya yanko daga tsohon sifirin ɗin babbar mota ya goge shi sumul. Shi ake tokarawa ta ciki ana bugu ta waje. Kun sha ganinsa a ƙasa kuna tokare ƙofa da shi, ba ku san ya girmi yawancinku ba. Waldar kabaid daga baya na saya. Fila kuwa, wannan kwaɓin da ake shafe rami da shi a fente, ban ce haramun ne ba. Amma abin da nake gani yanzu, a cika rabin mota da shi a goge a fesa, wannan aikin magina ne. Mota ta faɗa rami ɗaya a hanyar Maiha, sai ka ga gefenta ya ɓantare ya faɗi kamar yaɓen damina.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Akwai direban haya, shi dai ƙofa ta rufu ya koma tasha. Akwai wanda ya aro motar yayansa ya goga ta a katanga, ya zo yana gumi yana roƙon a gama kafin la'asar. Sannan akwai masu ciwon tsohuwar mota. Waɗannan ba su da yawa a Mubi, lokacin ba su wuce mutum biyar ba, amma kowane ɗayansu ya fi direba ashirin wahalarwa. Ba don sun rasa kuɗin sabuwa ba ne. Mutum ne zai bar sabuwar mota a rana, ya shigar da wadda ta girmi 'ya'yansa rumfa ya lulluɓe ta da zanen gado. Ranar Lahadi da yamma, masu coci sun taso, mu mun yi la'asar, sai su taru a ƙarƙashin dalbejiyar nan, kowa ya buɗe bonet, a yi ta musu a kan abin da ba ya ƙarewa.

Biyu daga cikinsu su ne abokan tsokanar juna. Alhaji Bappa dillalin shanu ne, yana da baƙar marsandi mai dogon hanci, wadda yake alfahari da cewa murɗa ɗaya take tashi ko ta yi wata a ajiye. Baba Ishaya kuwa tsohon malamin dabbobi ne, yana zaune a Nassarawo. Da bashin mota na ma'aikata ya sayi fijonsa tana sabuwa fil, fo-o-fo, fara mai ruwan madara, kuma da ita ya zagaye rugagen ƙasar nan yana yi wa shanu allura. A aljihun rigarsa kullum akwai mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo. In ka yi masa aiki, ba zai ce komai ba. Zai fito da shi ya bi jikin motar a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, an sa fila, kuma ranar sai ka gwammace ba ka fito aiki ba. Sau ɗaya ya faɗi a aikina, ina sabon buɗe gareji, ban sake ba shi wannan damar ba.

Babban aikin ya zo ne wata damina da Baba Ishaya ya taka birki ya ji ruwa a idon sawunsa. Muka ɗaga tabarmar ƙasa, sai ga titi muna kallo. Tsatsa ta cinye ƙasan motar, ta hau ginshiƙan ƙofofi. Na ce masa faci ba zai yi ba, sai dai a kwance ta gaba ɗaya a sake tayar da ita.

"Ka kwance shi," ya ce. "Amma ka ji ni da kyau. Kowane ƙarfe na motan nan zai koma wurin shi. Inda ya ruɓe ka yanka ka ɗinka. Kada ka kawo mini kayan wani mota. Ni ba na son haɗe-haɗe."

Na ce na ji. Muka sauke inji, muka cire kujeru, bonet, but, gilasai, ƙofofi huɗu, muka ɗora gangar jikin a kan duwatsu. To, aikin da na ce masa wata shida, sai da ya ci shekara uku bai ƙare ba. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Irin wannan aiki ba ya ciyar da gida, sai ka gama da masu haya sannan ka juyo kansa, kuma ni mutum ne da in gefe ɗaya bai yi mini a hannu ba sai in warware in sake. Alhaji Bappa ya samu abin yi. Duk Lahadi sai ya faka marsandinsa dab da duwatsun, ya fito yana gyara babbar riga.

"Ishaya, jam na? Yaya mai jiki? Na ga har yanzu tana kwance. In kai ka gida, ko za ka hau duwatsun?"

"Bar shi ya huta," in ji Baba Ishaya. "Naka da yake yawo kullum, me ya samo?"

Ana dariya, amma akwai abin da ni da shi muka sani. Idanunsa sun fara tafiya. An kai shi Yola, an ce ba irin wanda ake kankarewa ba ne, sai dai magani ya rage masa sauri. Wata rana da sauran suka watse, ya dafa gangar motar ya ce, "Garba, ina so in gan shi da fenti kafin fitilan nan ya mutu." Na ce kafin Kirsimeti in Allah ya so. Da gaske nake, don lokacin saura shafe-shafe da feshi kawai. Ƙofofin huɗu suna jingine a bango, na gama su.

Ba mu kai Kirsimetin ba. Wasunku kuna da wayo lokacin, kun san safiyar da nake nufi. Ina tsugune ina kunna walda muka fara jin harbin 'yan bindiga ta bakin gari, kafin ka ce me titi ya cika da mutane kowa da abin da hannunsa ya kai. Abin da har yau yake ba ni dariya, sai da na tsaya na sa wa garejin kwaɗo, na ja shi na tabbatar ya kama, kamar mai zuwa cin abinci ya dawo. Da ƙafa muka bi duwatsu da iyalina muka tsallaka Kamaru. Baba Ishaya 'ya'yansa suka fitar da shi ta wata hanyar zuwa Yola. A gudun nan maganin idonsa ya yanke.

Da gari ya lafa na dawo, na tarar da kwaɗona yana nan a kulle daram, bangon langa-langa na baya ne aka ɗaga aka shiga. Guduma, fayil, tukunyar walda, duk babu. Dunƙulen ƙarfen Oga Tizhe kaɗai aka bar mini, don ba wanda ya san kayan aiki ne. Gangar fijo kuwa tana kan duwatsunta, kaji sun yi ƙwai a inda injin yake. Ba wanda zai saci motar da ba taya ba inji. Marsandin Alhaji Bappa, mai tashi a murɗa ɗaya, ita ma ta tashi wa waɗanda suka zo a murɗa ɗaya, har yau ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na ji masa ciwo ƙwarai. Shi ne ya fara mai da abin wasa, ya ce ashe jinkirin Garba ma inshora ne.

Baba Ishaya ya dawo da sanda a hannu. Ba ya ganin komai sai bambancin rana da inuwa. Da aka kawo shi garejin bai yi mini maganar Kirsimeti ba, ni ma ban ɗago ta ba, amma kunya ta hana ni haɗa ido da mutumin da ba ya ganina. Ya shafa gangar tun daga gaba har baya ya ce, "To, ka gama shi. Hannu yana nan."

Na shiga farautar kayanta. Injin da manyan gilasan gaba da baya suna gidansa, ba abin da ya same su. Bonet na same shi a Nassarawo an rufe bakin rijiya da shi, na ba su fallen kwano na karɓo. Kujerar baya tana wurin wani mai shayi, mutane suna zama a kai suna karyawa. Ƙofofi uku suna cikin ciyawa a bayan gareji. Ta direba ce ta ɓace. Na bi masu gwangwan, na bi maƙera, na leƙa garejin kowa, babu ita babu labarinta.

Nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba a sana'ata. Na ce a raina, mutumin nan na riga na cinye masa ganin motarsa da jinkiri, ba zan sake riƙe shi wata shekara a kan ƙofa ba. Kuma, Allah ya yafe mini, na ce ai ba ya gani. Na tsallaka iyaka inda irin waɗannan fijo suke da sauran numfashi, na samo ƙofar direba ta irinta, shekararsu ɗaya. Sati uku na yi a kanta. Ko ɗigon fila ban sa ba. Na wanke injin gilashinta na sa masa giris har yana juyawa da ɗan yatsa. Da na fesa motar gaba ɗaya, wallahi ni kaina sai na tsaya na tuna kafin in ce ga baƙuwar. Ban taɓa yin fenti mai kyan wannan ba.

Ranar Lahadin da aka zo karɓa, duk masu ciwon tsohuwar mota sun hallara, har da Alhaji Bappa da ya zo a keke napep yana cewa kada wanda ya kalle shi. Baba Ishaya ya ba ni sandarsa na riƙe. Ya fito da mayen ƙarfe. Ya bi bonet, ya bi madigadi, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ko'ina yana kamawa ƙam. Ya zo kan ta direba, ya kama. Na saki numfashi. Ya buɗe, ya zauna a bayan sitiyari, ya rufe. Sannan ya kai hannun hagu ya kama mariƙin gilashi ya fara murɗawa. Gilashin ya sauka sumul har ƙasa. Ya mayar da shi sama. Ya sake saukewa.

"Garba."

"Na'am, Baba."

"Wannan ƙofan na wane ne?"

Na ce, "Baba, ai na gyara injin ne, na sa giris."

"Ƙarya bai dace da kai ba, ba ka iya shi ba. Nawa yana cijewa a murɗa na uku. Haƙori ɗaya ya karye tun shekaran da na kai allura Mayo Bani, wani bijimi ya sa kai ta taga. Giris ba ya tsiro da haƙori. Shekara arba'in ina murɗa shi, sai in ɗan ja baya kaɗan sannan ya wuce. Ka ɗauka da ido nake murɗawa?"

Ni da aka koya wa rufe ido in shafa ƙarfe, ni ne na manta makaho yana da hannu. Na faɗa masa gaskiya duka a gaban mutane. Sai Alhaji Bappa ya fara wata irin dariya har yana riƙe ciki.

"Fara ce, mai gilashi? Da mariƙi na azurfa? Kai, Garba, da ka tambaye ni! Kullum na je duba shanuna a Wuro Patuji sai na wuce ta. Na ɗauka kowa ya sani."

"Wata nawa kana gani?" in ji Baba Ishaya.

"To, ni da ba ni da mota, me ya haɗa ni da ƙofar mutane?"

Nan take muka ɗunguma. Ni na tuƙa, Baba Ishaya a kujerar mai zaman banza, Alhaji a baya yana ba da hanya yana kushe sifirin. Muka tsaya a ƙofar gidan wata dattijuwa, Inna Dudu. An ƙona mata ɗaki a shekarar gudu. Da suka dawo, ɗanta ya tsinci ƙofar a yashe a bakin rafi, da zai sake gina ɗakin bai da kuɗin taga, sai ya gina ta a cikin bangon. Ƙasanta ya nutse a cikin laka, gilashin yana daidai kan gadon tsohuwar, mariƙin yana ta ciki. Na duba aikin da idon sana'a, na ga ba yadda za a cire ta sai an rushe bangon, ga damina ta kawo kai.

Muka gaisa, Alhaji ya yi mata bayani da Fulatanci. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce da Hausa, "Ni ban sata ba. In na ku ne ku ɗauka. Amma duk Wuro Patuji ba mai taga irin nawa. Da safe in sauke, iska ya shiga. Ruwa ya zo in ɗaga, ina kwance ina kallo."

Baba Ishaya ya ce a kai shi ciki. Na riƙe hannunsa muka sunkuya muka shiga, na ɗora masa shi a kan mariƙin. Ya murɗa sau ɗaya, ya murɗa na biyu, a na uku ya cije. Ya ɗan ja baya kaɗan, gilashin ya wuce. Ya daɗe a tsaye hannunsa a wurin.

"Useko, yi haƙuri, Baba," in ji Inna Dudu, "haka yake yi kullum. Sai an lallaɓa shi."

"Na sani, Inna. Kin iya shi?"

"Na iya."

"To, ya samu gida. Garba, mu tafi."

A hanya na fara murna a ɓoye, na ce shi ke nan, magana ta mutu, ga mota ta kammala. Muna shiga Yelwa ya ce, "Wannan baƙon ƙofa zai zauna, don ba zan yi yawo da rami ba. Amma gobe ka kankare fentin shi. Baƙo ne, kowa ya san baƙo ne. Motana ba zai yi ƙarya a gari ba."

Na ce Baba, ko wani launi mai kyau in sa mata? Ya ce a'a, jan nan na ƙasa da ake shafawa don tsatsa ya isa. Na ce mutane za su ce ban iya aiki ba. Ya ce, "Za su ce. Kuma kai ne direba."

Kwana biyu na yi ina goge fentin da ya fi kowane kyau a rayuwata, da samfefa, da hannuna. Tun daga ranar, duk Lahadi ni nake ɗaukarsa, ni nake zama a jikin jar ƙofar, fuskata a tagarta, duk wanda ya nuna ta ya nuna ni. Alhaji Bappa yana baya, ya mai da kujerar tasa. Muna ratsa gari a hankali mu tafi Wuro Patuji, Inna Dudu ta kawo kindirmo, Baba Ishaya ya shiga ya murɗa gilashinsa ya ji ya cije, ya fito mu dawo.

Makon jiya tsohuwar ta ja ni gefe ta ce, tunda an ce ni ne mai gyara, in taimaka in duba mata wannan cijewar, hannunta ya fara ciwo. Na ɗauka a hankali ta yi maganar. Daga cikin mota Baba Ishaya ya ɗaga murya ya ce in na kuskura na taɓa haƙorin nan, sai ya sa na kankare sauran ƙofofin uku.

Saboda haka, kai mai awa ɗaya, ragowar farin fentin yana nan a kan kanta, ban buɗe shi ba tun ranar. Ɗauki abinka. Amma ka bari sai Lahadi, ka fara zuwa taga ta dama ka gaya wa mai motar da bakinka.